Shekarau ya ci muhawara, Buhari ya ci Kano: me muhawarar 'yan takara ke tsinana wa mai ƙuri'a?

Daren Juma'a, 18 ga Maris 2011, a shagon wani tela a Gwammaja na kalli muhawarar masu neman shugabancin ƙasa. Shi kaɗai ke da satalayit a layin, ga shi an ɗauke wuta tun la'asar, sai da muka yi karo-karo aka sayo fetur aka tayar da janareta. Ba mu kai mu goma sha biyar ba. Tashar NN24 ce ta shirya zaman, Kadaria Ahmed ke jefa tambayoyi, mutum uku kuma suka tsaya a gabanta: marigayi Janar Muhammadu Buhari na CPC, Malam Nuhu Ribadu na ACN, da gwamnanmu na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau na ANPP. Shugaba Goodluck Jonathan bai zo ba.

Mai shagon dattijo ne, Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Yana zaune bakin keke da tef rataye a wuya yana ƙarasa aikin wuyan wata riga, ni kuma ina fassara masa abin da ya sawwaƙa. Da aka tashi, ya cire tabarau ya ce, "Kai, Malam akwai baki. Ko ban ji me yake cewa ba, na ga ba ya inda-inda." Na ce, "To Baba, ke nan shi za ka dangwala wa?" Ya girgiza kai ya ce, "A'a ɗana. Magana ta Malam ce, ƙuri'a kuwa ta Janar ce."

Washegari bakin masu sharhi ya kusan zuwa ɗaya, cewa Shekarau ne ya yi fice. Tsohon malamin makaranta ne, ya saba tsayuwa gaban jama'a, ya jero bayaninsa dalla-dalla ba gargada. Mutanen Kudu da ba su taɓa kula da shi ba suka yi ta tambayar ina wannan yake tuntuni. Bayan mako huɗu, ranar 16 ga Afrilu, aka je akwati. Jonathan da bai halarci wancan zama ba ya tashi da ƙuri'a kusan miliyan 22 da rabi. Buhari ya samu miliyan 12.2, Ribadu miliyan 2 da 'yan kai, Shekarau kuwa dubu 917, fiye da rabinsu daga Kano. A Kanon ma, inda yake gwamna mai ci, Buhari ya kwashi sama da miliyan 1.6, wato ninki uku na abin da Malam ya samu.

Duk lokacin da aka tayar da zancen muhawara a majalisarmu, da wannan labari ake rufe bakin mai cewa tana da amfani. Kuma hujja ce mai ƙarfi, ba na raina ta. Sai dai ina ganin abin da muka ɗauka daga cikinta ya yi gajarta.

A fara da abin da ba ya jayuwa. Zaɓe huɗu a jere, wanda ya ƙaurace wa babban zama shi ya hau kujera. A 2011 Jonathan ya ƙi zaman NN24, daga baya ya je wanda ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa ta shirya, sauran ukun suka rama, ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambayoyi. A 2015 Buhari ya ƙi zuwa, jam'iyyarsa ta APC ta ce ba ta aminta da adalcin masu shiryawa ba, ya kuma kayar da shugaba mai ci, da ƙuri'a miliyan 1.9 daga Kano kaɗai. Ranar 19 ga Janairu 2019 Buhari bai je ba, Atiku Abubakar ya isa otel ɗin da ake zaman a Abuja, da ya tarar abokin karawarsa ba ya nan sai ya juya. Aka bar Kingsley Moghalu da Fela Durotoye da Oby Ezekwesili suna ta zuba bayani mai kyau a kan tattalin arziki da ilimi, ga mumbari biyu babu kowa. Ranar zaɓe Moghalu bai kai ƙuri'a dubu 22 ba a duk faɗin Najeriya, ita kuwa Ezekwesili ta janye tun kafin a je ko'ina. Gabanin zaɓen 2023, Bola Tinubu bai halarci zaurukan da tashar Arise ta shirya ba, inda Rabi'u Musa Kwankwaso da Peter Obi suka zauna, Atiku ma ya zo daga baya. Tinubu ya tafi Chatham House, wata cibiyar nazari a Landan, cikin Disambar 2022, can ma da aka zo tambayoyi ya rarraba wasu ga 'yan tawagarsa su amsa. Ya ci zaɓe da ƙuri'a miliyan 8.8.

Wani zai ce ai akwai 1993, lokacin da marigayi Alhaji Bashir Tofa da marigayi Moshood Abiola suka fuskanci juna a talabijin na ƙasa, aka ce Abiola ya fi taka rawa, sannan ya zo ya kayar da Tofa a jiharsa ta Kano. Haka ne an yi muhawarar, haka ne kuma sakamakon ya kasance kafin gwamnatin Babangida ta soke zaɓen. Amma duk wanda ya san siyasar garin nan ya san inda ƙuri'un Abiola suka fito. Jijiyar NEPU da PRP a cikin SDP, jam'iyyar Abiola, take a lokacin, da su marigayi Abubakar Rimi, Kwankwaso ma a SDP ya zama mataimakin shugaban Majalisar Wakilai. Mutanen da suka zaɓi Abiola a Ɗambatta ko Gwarzo ba muhawarar Turanci ce ta kai su ba. Gidan siyasarsu suka bi.

Ƙin zuwa muhawara ba tsoro ba ne kawai, lissafi ne. Wanda ke gaba ba abin da zai ƙaru da shi idan ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda ke binsa a baya, sai ma ya ɗaga darajarsa. Hasara kuwa tana nan jibge: tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba. A Kenya, Uhuru Kenyatta ya bar Raila Odinga shi kaɗai a dandali a 2017, shi kuma Odinga ya yi wa William Ruto haka a 2022. A Amurka, bayan muhawarar Kennedy da Nixon ta 1960, sai da aka yi zaɓe uku babu ita, domin masu rinjaye sun ƙi, kafin ta dawo a 1976. Bambancin shi ne a can abin ya zauna ya zama al'ada, har ƙin zuwa na iya jawo wa mutum tsangwama. Mu a nan ba mu taɓa cin kowa tara a kan haka ba, kuma har aka yi zaɓen 2023 babu dokar da ta wajabta wa ɗan takara halarta.

Akwai ma wani abu da ya fi lissafi zurfi, wanda na jima ina lura da shi a wajen mutanenmu. A tarbiyyar Bahaushe babba ba ya sa-in-sa da na ƙasa da shi. Kawaici ado ne, yawan surutu kuma alama ce ta rashin nauyi. Saboda haka idan ɗan takara ya ƙi zuwa muhawara, da yawa daga magoya bayansa ba gudu suke gani ba, girma suke gani. Na sha jin ana cewa, "Ina Janar ina cacar baki da yara?" Ƙarancin maganar Buhari ma wani ɓangare ne na abin da ya sa ake kiransa Mai Gaskiya. Na fahimci wannan, a cikinsa na tashi. Amma wanda ya fito neman ƙuri'a aiki yake nema a hannun jama'a, kuma ko yaron shago za ka ɗauka a Kantin Kwari sai ka zaunar da shi ka ji daga bakinsa. Malamanmu kan kawo ƙissar mutumin da ya miƙe cikin taro ya tambayi Sayyidina Umar yadda aka yi tufarsa ta fi rabon da aka ba kowa. Halifa bai ce an ci masa fuska ba. Ya sa ɗansa Abdullahi ya tashi ya bayyana cewa nasa rabon ya ƙara wa mahaifinsa. Idan wannan bai zama raini ba, tambayar mai neman shugabancin Najeriya yadda zai yi da farashin masara ba za ta zama raini ba.

To, a ƙasashen da muhawara ta kafu, tana juya ƙuri'a? Amurka ce aka fi buga misali da ita, don haka a duba can. Labarin 1960 ya shahara: Nixon bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya rame, yana gumi a gaban kyamara, Kennedy kuma fes da shi, mutum sama da miliyan 60 suna kallo. Kennedy ya ci zaɓen da tazara siririya, ƙuri'a dubu ɗari da 'yan kai. Ana yawan cewa waɗanda suka saurara a rediyo Nixon suka ba nasara, amma masana da suka koma suka bincika sun tarar hujjar wannan magana ba ta da ƙwari. A 1980 Ronald Reagan ya fuskanci Shugaba Jimmy Carter ana saura mako ɗaya zaɓe, ya rufe da tambayar masu kallo ko rayuwarsu ta fi yadda take shekara huɗu baya, ya kuma yi nasara da babban rinjaye. Sai dai tsadar kaya da Amurkawan da ake garkuwa da su a Iran sun riga sun gama da Carter. Reagan ya sa wa abin da ke cin mutane suna ne kawai.

Misalan da suka saɓa sun fi yawa. A 2012 Mitt Romney ya yi wa Barack Obama fintinkau a zaman farko, Obama ya ci zaɓe. A 2016 mutum miliyan 84 suka kalli karon farko tsakanin Hillary Clinton da Donald Trump, ƙuri'un jin ra'ayi suka ba Clinton nasara a duk zama ukun, Trump ya shiga fadar White House. A Satumbar 2024 aka ce Kamala Harris ta fi shi taka rawa, watan Nuwamba ya kayar da ita.

Wasu masana biyu, Caroline Le Pennec da Vincent Pons, sun bi wannan magana da awo. Sun tattara bayanan zaɓe 62 a ƙasashe 10 tun daga 1952, da muhawarar talabijin 56, suka kwatanta abin da mutum ya ce zai zaɓa kafin zaɓe da abin da ya zaɓa a ƙarshe. Binciken da suka wallafa a 2023 ya nuna cewa tsakanin kashi 17 zuwa 29 cikin ɗari na masu zaɓe a cikin wata biyun ƙarshe suke tsayar da shawara. Ke nan yaƙin neman zaɓe yana aiki. Amma da suka duba kwanakin da ke gaban kowace muhawara da bayanta, ba su ga ta motsa ƙuri'a ba. Abin da ke shiga kunnen mutum yau da gobe ya fi dare ɗaya tasiri, komai girman daren.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, duk wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo ya san su. Wanda zai kashe awa biyu yana kallon 'yan siyasa, galibi ya riga ya san gwaninsa, ya zo ne ya ga an yi wa abokin hamayya kaca-kaca. In gwaninsa ya yi tuntuɓe, alƙalin wasa ne ya yi son kai. Wanda bai tsayar da ra'ayi ba, wanda shi ne muhawarar za ta fi amfana, yana can yana harkar gabansa. Ga shi kuma zaman kan zo ne a ƙurarren lokaci, bayan mutum ya shekara uku yana auna gwamnati da kuɗin cefanensa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dattijon nan na Gwammaja ya fara yarda da Buhari tun zamanin mulkin soja na 1984, ya ƙara da ayyukan PTF, asusun rarar man fetur da Buhari ya shugabanta, da ya gani da idonsa, ya bi shi a 2003 da 2007. Zaman dare ɗaya ba zai rushe ginin shekara ashirin da bakwai ba.

Idan a nan zance ya ƙare, da na yarda a tattara muhawara a ajiye. Amma a lura da ƙasashen da aka yi wancan bincike: Amurka da ƙasashen Turai da makamantansu, inda kafin ranar muhawara mai zaɓe ya ji ɗan takara sau ɗari, ya san matsayin jam'iyyarsa a kan haraji da asibiti tun yana yaro. Tulun da ya cika, in ka ƙara masa moɗa ɗaya zubewa za ta yi. Inda tulu yake da saura fa?

An gwada a Saliyo a zaɓen 'yan majalisa na 2012. Masana uku, Kelly Bidwell da Katherine Casey da Rachel Glennerster, tare da wata ƙungiya mai aiki a ƙasar, suka ɗauki muhawarar 'yan takara a bidiyo, aka riƙa zagayawa ƙauyuka ana haskawa da dare, irin majigin da iyayenmu suka sani. Aka kai wa wasu garuruwa, aka bar wasu, don a kwatanta. Inda aka haska, mutane sun fi sanin 'yan takara da manufofinsu, kuma an samu ƙarin masu zaɓen wanda ya fi taka rawa. Su 'yan takarar, da suka ga jama'a sun farga, sai suka ƙara zuwa waɗannan garuruwa da ɗawainiya a kansu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayan zaɓe: waɗanda suka ci cikin masu shiga muhawarar sun fi takwarorinsu komawa mazaɓa su gana da jama'a, sun kuma fi kashe kuɗin mazaɓa a ayyukan raya ta. Mutum ya san an ji shi, an ga fuskarsa yana alkawari. Gaskiya ne zaɓen ɗan majalisa daban yake da na shugaban ƙasa, inda yanki da addini da tsohuwar soyayya suka fi nauyi. Duk da haka darasin a fili yake: inda bayani ya yi ƙaranci, nan muhawara ta fi ƙarfi, muddin an kai ta inda mutane suke.

Mu kuwa ba a taɓa kawo mana ita ba. Wannan shi ne abin da ke damuna idan na ji ana cewa an gwada muhawara ba ta yi aiki a Arewa ba. Me aka gwada? Zama ne a otel a Abuja ko Legas, da Turanci zalla, a tashar da sai mai satalayit da wuta zai kama, sau da yawa kuma babu mutum biyun da ake ganin ɗayansu zai ci. Jihar Kano na da masu rajistar zaɓe miliyan 5.9 a 2023, ba wadda ta fi ta sai Legas. Nawa ne cikinsu za su iya bin bayanin bashin ƙasa ko canjin kuɗi da Turanci na tsawon awa biyu? Uwar gida a Kurna da ta tsaya layi tun safe da goyo ranar zaɓe, wa ya taɓa yi mata tanadi a wannan tsari? Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa a Kano a waccan shekara ba su wuce miliyan 1.7 da 'yan kai ba. Kusan miliyan ɗaya na Kwankwaso ne, rabin miliyan da ɗoriya na Tinubu. Sama da mutum miliyan huɗu sun zauna a gida. Ba na cewa muhawara ce za ta fito da su duka, amma ba wanda ya yi musu magana da harshensu a kan abin da zai faru da su.

Kuma ba a isa a ce Bakano ba ya son gardamar siyasa ba. Garin da ya haifi NEPU a 1950, garin lacca, garin Santsi da Taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta dare. Ka hau adaidaita sahu daga Kabuga zuwa Bata da daddare, rediyon direba na kan shirin siyasa, fasinjoji na tanka masa kamar mai maganar yana cikin kekensu. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a 2003, sauran tashoshi masu zaman kansu suka biyo baya, babu daren da ba a fafatawa a iska. Wanda ya ga yadda gari ke tsayawa cak ranar muƙabalar malamai ya san mutanen nan na iya zama awa uku suna bin hujja da martaninta. Matsalar ita ce muhawarar da muke sha kullum ta wakilai ce. Sojojin baka ne ke yi, an saya musu fili, wannan ya yi wa ubangidan wancan shaguɓe, gobe wancan ya rama. Akwai gwanaye cikinsu, suna da hikima da iya zaurance, amma aikinsu kare mai gida ne, kuma ba a iya kama mai gida da abin da yaronsa ya faɗa. Gobe in ta ɓaci sai a ce ai ba da yawunsa aka yi ba. Shi kansa ɗan takarar a gangami muke ganinsa, a saman mota yana ɗaga hannu, ko a filin wasa na Sani Abacha ya yi minti biyar cikin kiɗa da ihu, babu mai ce masa "ta yaya?"

Wannan "ta yaya" ita ce duk amfanin muhawara. Nan ne kaɗai mai neman kujera ke buɗe baki da kansa, ba takarda, abokin hamayyarsa na gefe yana jiran ya yi ƙarya ya tare shi.

Na ga farashin rashin wannan a watan Yunin 2023. Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwa, sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin man fetur ya tafi. Cikin kwana biyu litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500. Na hau adaidaita daga Ƙofar Nassarawa zan je Rijiyar Zaki, direban matashi ne, ya kashe inji a gangara don ya rage shan mai. Ya ce da ni, "Yallaɓai, wallahi da na san haka za a yi mana, da ban ɓata yinina a layi ba. Yaudararmu aka yi." Na ce masa, "Ƙanena, ai ba a ɓoye ba. Tinubu ya ce zai cire, Atiku ya ce zai cire, Obi ma ya ce zai cire." Ya waiwayo ya dube ni, har sai da na ce ya kalli hanya. Ya ce, "Yaushe suka faɗa? A ina?" Na ce a tarukan 'yan kasuwa da zaurukan talabijin, da Turanci. Ya yi shiru har muka wuce Gadon Ƙaya, sannan ya ce, "To mu da wa aka yi shawara?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Manufa mafi girma da ta taɓa aljihun talaka cikin shekaru masu yawa, uku daga manyan 'yan takara huɗu sun faɗi matsayinsu a kanta a fili, amma labarin bai iso ga mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan litar mai ba. Da an yi zama ɗaya da Hausa, ko ana fassarawa nan take a rediyo, aka tsare su da tambaya: a rana ɗaya za ka cire ko sannu a hankali, me za ka tanada kafin ka cire, ina kuɗin da aka rage za su tafi? Wataƙila direban nan ba zai sauya wanda ya zaɓa ba. Amma zai shiga rumfa da idonsa a buɗe, kuma zai riƙe wata magana da zai bi bashinta. Magana zarar bunu ce, balle yanzu da kowa ke da waya, abin da mutum ya faɗa gaban kyamara yana nan ana tura shi a WhatsApp ko bayan shekara huɗu.

Akwai wani amfani kuma da ba a cika son faɗa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ranar 27 ga Yuni 2024 Shugaba Joe Biden ya tsaya da Trump a Atlanta, muryarsa ta dushe, yana fara zance ya ɓace masa a tsakiya. Abin da makusantansa suka daɗe suna musantawa, mutum miliyan 51 suka gani da idonsu. Ƙuri'un jin ra'ayi ba su yi wani babban motsi ba, amma manyan jam'iyyarsa da masu ba ta kuɗi suka tayar da ƙayar baya, ranar 21 ga Yuli ya janye. Muhawara ba ta juya masu zaɓe ba, ta sauya ɗan takara ɗungurungum. Mu da muka ga jinyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da ruɗanin da ƙasa ta shiga kafin rasuwarsa a Mayun 2010, muka kuma ga Buhari ya shafe sama da kwana 100 a jere yana jinya a Landan a 2017, bai kamata mu raina damar ganin mai neman mulkinmu a tsaye yana amsa tambayar da bai san da zuwanta ba. Ciwo na Allah ne, ba abin gori ba ne ga kowa. Amma haƙƙin mutum sama da miliyan 200 ne su san halin da wanda za su damƙa wa amana yake ciki.

Ina sane da illar abin. Iya magana ba iya mulki ba ne. Akwai ɗan baka da zai zuba maka lissafi kamar ruwa, rabinsa ƙarya, kafin a gano an wuce wurin. Akwai kuma mai aiki tuƙuru da harshensa ke da nauyi. Yanzu ma yawancin mutane ba zaman gaba ɗaya suke kallo ba, guntun daƙiƙa talatin ne da wani ya yanko ya sa masa kiɗa a TikTok, an zaɓo inda abokin hamayya ya yi suɓul da baka. Maganin wannan na hannun masu shiryawa: mai tambaya da ya san aikinsa, wanda in an kauce zai maimaita tambayar har sau uku, da masu tantance alƙaluma da za su fito washegari su ce wannan gaskiya ne, wancan ba haka ba ne. Zama ɗaya kuma ba ya isa, don kowa na iya wayar gari ba daidai ba.

Kayan aikin ma muna da su. Sashen Hausa na BBC ya shirya wa 'yan takarar gwamnan Kano muhawara a 2019 da 2023, da Hausa, kuma na ga yadda aka kwana ana tattauna ta a teburan masu shayi, abin da ban taɓa gani ba bayan wata muhawarar shugaban ƙasa. A Oktoban 2022 ƙungiyoyin Arewa sun gayyaci masu neman shugabanci zuwa Gidan Arewa a Kaduna, Atiku da Tinubu da Obi suka je ɗaya bayan ɗaya, Kwankwaso ya ƙi zuwa bisa zargin an riga an tsayar da wanda za a mara wa baya. Ba muhawara ba ce, tunda ba su haɗu ba, amma ta nuna cewa idan masu gayyata na da ƙuri'a a bayansu, manya kan amsa kira. Tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, kuma babu mai lissafin cin zaɓen Najeriya da zai tsallake Kano. Idan gidajen rediyon garin nan suka haɗa kai, da Jami'ar Bayero, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, suka sa rana ɗaya tun da sauran wata uku, suka ce duk tashoshi za su ɗauka kai tsaye, wanda ba ya jin Hausa a ba shi tafinta, wanda bai zo ba a bar kujerarsa da sunansa a jiki ana ambatawa duk bayan tambaya, lissafin masu ƙin zuwa zai fara sauyawa.

Tambayoyin kuma kada a bar wa 'yan boko su kaɗai. A ba dillalin hatsi daga Dawanau dama ya tambayi abin da za a yi da iyakar Nijar da shigo da abinci daga waje. A ba tsohon ma'aikacin masaƙa ya tambayi yadda za a tayar da masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka zama kango saboda rashin wuta. A ba malamar firamare da ke da yara sama da ɗari a aji ɗaya. Direban nan na adaidaita, da zan sake haɗuwa da shi, shi zan so a fara miƙa wa makirufo.